RUFIN DA KE MAIDO DA MURYAR REDIYO: DARASI A KAN SABABI DA MAI SABABI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ba ya gani, Ya kuma sanya wa kowane abu ma'auni. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa mallakar akwatin rediyo a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san wani abu da ke faruwa kullum. Da rana tsaka, in mutum ya murɗa akwatinsa a kan matsakaicin zango, ba ya samun kome sai tashoshi na kusa da ƙugi. Da rana ta faɗi, aka idar da sallar Magariba, sai tashoshi su soma fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da masu magana da Larabci da Faransanci daga ƙasashen da mai akwatin bai taɓa takawa ba. Dattawan da suka saurari tafsirin marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ta gidan rediyon Kaduna, kafin rasuwarsa a 1992, ba za su manta da yadda murya kan yi sama ta yi ƙasa ba, ta ɓace a tsakiyar aya, sa'an nan ta komo kamar ba ita ba.

Mutane sun rabu game da wannan al'amari. Wasu su ɗora laifin a kan batir. Wasu su ce ai dare na iskoki ne, su ke wasa da murya. Wasu kuwa, daga cikin waɗanda suka ɗan leƙa ilmin zamani, sukan ce wannan shi ne ainihin fassarar wata aya a Suratuɗ Ɗariƙi, kuma su faɗi haka da yankan shakka. Allah Ya hana bawa bin abin da ba shi da ilminsa, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i, aya ta 36. Saboda haka darasin wannan mako zai fara da bayanin abin da ke faruwa a can sama kamar yadda masana suka auna, sa'an nan ya dawo kan abin da ya wajaba Musulmi ya ƙudurta game da shi.

ISKA DA ABIN DA KE CIKINTA

Iskar da ta lulluɓe duniya taro ce ta ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira ƙwayoyin zarra. Kashi 78 cikin 100 na iskar naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin, watau wadda rai ke bukata. Kowace ƙwaya tana da cibiya mai ɗauke da lantarki na wani jinsi, kewaye da cibiyar kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira elektiron, masu ɗauke da kishiyar wancan jinsi. Muddin ɓangarorin biyu sun yi daidai wa daida, lantarki da maganaɗisu ba sa karkatar da tafiyar ƙwayar. Irin wannan ƙwaya za a kira ta 'yar ba-ruwanmu a cikin wannan darasi. Iskar da ake shaƙa a doron ƙasa kusan dukkanta 'yan ba-ruwanmu ce.

To, amma in wani abu mai ƙarfi ya bugi ƙwayar ya fizge mata elektiron ɗaya, sai abubuwa biyu su samu: elektiron da ya kuɓuta, da ragowar ƙwayar, wadda masana ke kira ayon. Dukansu biyu masu ɗauke da lantarki ne, kuma maganaɗisun duniya yana da iko a kan tafiyarsu. Ita duniya kuwa ɗungurungum maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take nuna arewa.

Abin da ke yin wannan fizga shi ne wani sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani, mai tsananin ƙarfi, har da irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Da wannan haske zai iso ƙasa gaba ɗayansa, da ya cutar da masu rai. Cikin rahamar Allah, iskar da ke can sama ita ke tare mafi ƙarfinsa, kuma a wajen tarewar ne ƙwayoyinta suke rasa elektiron ɗinsu.

HAWA UKU NA RUFIN

Wannan yanki na sama, wanda Turawa suka raɗa wa suna ayonosfiya, yana somawa daga wajen kilomita 60 bisa ƙasa, watau ya ɗan fi nisan Gusau zuwa Tsafe in da za a miƙe hanyar tsaye. Masana sun kasa shi hawa-hawa, suka ba kowane hawa harafi. Hawan D yana tsakanin kilomita 60 da 90. Hawan E yana tsakanin 90 da 150. Hawan F kuwa ya tashi daga 150 ya wuce 500, kuma ya fi cika da masu lantarki a wajen kilomita 300.

Kada mai karatu ya zaci wani rufi ne mai tauri kamar kwano. A kilomita 100 bisa ƙasa, kaurin iska bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na wadda ke ƙasa ba. Kuma ko a hawan F, inda masu lantarki suka fi yawa, ana samun misalin ɗaya ne kawai a cikin kowace ƙwaya 1,000. Sauran duk 'yan ba-ruwanmu ne. A hawan D kuwa rabon masu lantarki ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Watau 'yan tsiraru ne a cikin babban taro, kuma dukkan abin da za a bayyana nan gaba ya rataya ne a kan yadda tsirarun nan suke gogayya da taron.

ABIN DA YA RABA DARE DA RANA

Igiyar rediyo da ta tashi daga tasha takan kasu biyu. Wani sashe ya bi doron ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare, wani sashe ya nufi sama. Wanda ya nufi sama, in ya tarar da elektiron, sai ya girgiza su. In suka sami sarari suka girgiza ba tare da cikas ba, sai su lanƙwasa igiyar a hankali har ta juyo ƙasa, ta sauka a wani gari mai nisan ɗaruruwa ko dubban kilomita. Haka sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya riƙa isowa ƙauyukan ƙasar Hausa a kan gajeren zango.

A hawan D kuwa babu wannan sarari. Iskar wurin ta fi ta sama kauri, saboda haka da elektiron ya soma girgiza sai ya yi karo da 'yan ba-ruwanmu, ya yi ta karo ba ƙaƙƙautawa. Ƙarfin da ya karɓa daga igiyar rediyo sai ya zube a wajen karon ya zama ɗumi. Ta haka hawan D yake shanye matsakaicin zango da rana, ba ya barinsa ya kai hawan da za su maido shi.

Da rana ta faɗi, fizga ta tsaya, sai elektiron da ayon su koma su haɗu. A hawan D haɗuwar tana da sauri saboda cunkoso, don haka ba a daɗe da faɗuwar rana ba hawan yake kusan shuɗewa. Ƙofa ta buɗe ke nan, sai matsakaicin zango ya haura, ya juyo daga hawan sama, ya sauka a zauren mai sauraro a Bunguɗu.

Mai tambaya zai ce, me ya hana hawan F shi ma ya shuɗe? Amsa ita ce, yawancin ayon ɗin da ke can na oksijin ne tilo, kuma ba ya saurin karɓar elektiron kai tsaye. Sai ya fara cin karo da ƙwayar naitirojin ko ta oksijin mai tagwaye, sun yi musaya, sa'an nan abin da aka samu ya haɗiye elektiron. Da yake irin waɗannan ƙwayoyi sun yi ƙaranci a can ƙololuwa, sai aikin ya yi jinkiri, har gari ya waye da sauran hawan F. Wannan jinkiri shi ne abin da ya sa ake jin rediyon nesa cikin dare.

Daga nan kuma ake gane dalilin da ya sa tashoshin ƙetare suke sauya mita. Da rana sukan yi amfani da mita 16 ko 19, waɗanda hawan D ba ya shanyewa ƙwarai. Da dare su koma mita 31, ko 41, ko 49. Shi kuwa hawa da saukar murya, yana faruwa ne domin igiyar takan iso ta hanyoyi biyu ko fiye, kuma rufin ba ya zama wuri ɗaya. Wani lokaci hanyoyin su ƙarfafi juna, wani lokaci su kashe juna. Tashoshin FM kuwa igiyarsu huda rufin take yi ta wuce, shi ya sa ba sa nisa, kuma dutse irin na Kwatarkwashi yana iya tare su.

RANAR DA DARE YA SAUKA DA HANTSI

Mutanen Gusau da garuruwan da ke kewaye da ita sun shaida wata aya ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, daidai da ƙarshen watan Safar 1427. Wata ya shiga tsakanin rana da ƙasa da hantsi, aka yi cikakken husufi, gari ya yi duhu fiye da minti uku. Inuwar ta shigo ta Gana da Togo da Binin, ta ratsa arewa maso yammacin Nijeriya ta kan Gusau da Katsina, ta wuce Nijar da Libiya har Turkiyya.

Abin da masana suka tabbatar a husufi da dama shi ne, in inuwar wata ta faɗa kan rufin nan, masu lantarki sukan ragu nan da nan, musamman a hawan D da E, har rediyon nesa ya ɗan fito kamar dare ya yi. In inuwa ta wuce, kome ya koma yadda yake. Wannan ya nuna a fili cewa hasken rana shi ne sababin da Allah Ya ɗora al'amarin a kansa.

Ranar da Ibrahimu, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina cikin shekara ta 10 bayan Hijira, an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi ya gyara musu a take, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi domin mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umurce su da salla da addu'a. Buhari da Muslimu sun ruwaito wannan. Ga shi yana cikin baƙin cikin rashin ɗa, kuma zancen mutane ɗaukaka shi yake yi, amma bai bar ƙarya ta zauna a kan aya ba.

YADDA AKA GANO SHI

A watan Disamba 1901, Marconi, mutumin Italiya, ya ba da sanarwar cewa ya karɓi saƙon rediyo daga Ingila a tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, nisan fiye da kilomita 3,000. Masana suka yi mamaki, domin duniya a dunƙule take, igiyar rediyo kuwa miƙewa take yi. A 1902 mutum biyu, Heaviside a Ingila da Kennelly a Amurka, kowa a gefensa, suka ce lalle akwai wani hawa a sama mai maido da igiyar. Maganarsu ta zauna a matsayin zato fiye da shekara 20. Sai a Disamba 1924 Edward Appleton ya gwada, ya auna tsawon hawan, ya same shi a wajen kilomita 100. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1947. Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin zato da tabbaci, da haƙurin da aka yi kafin a ƙetare ta.

KOGIN LANTARKI A SAMAN ZAMFARA

Gogayyar nan ba ta tsaya kan rediyo ba. Zafin rana yana motsa iskar da ke hawan E, ta riƙa kaɗawa kullum bisa wani tsari, kamar cikar teku da janyewarsa. A wannan hawa, ayon yana yawan karo da 'yan ba-ruwanmu, har ya zama duk inda suka nufa can suke tafiya da shi, kamar mutumin da ya shiga tsakiyar jama'a a ƙofar filin Idi bayan an sallame. Shi kuwa elektiron, maganaɗisun duniya ya fi karon ƙarfi a kansa, sai ya yi ta kewaya layin maganaɗisu kamar akuya a turke. Da yake tafiyar jinsunan biyu ta saɓa, sai wutar lantarki ta gudana a sama.

Akwai wani layi da ya kewaye duniya, inda maganaɗisunta yake kwance daidai da doron ƙasa. Wannan layi ya ratsa Nijeriya a arewacin Ilori, kuma Zamfara tana daf da shi ta gefen arewa. A kan wannan layi, wutar da aka ambata takan yi ƙarfi na musamman, ta zama kamar kogi mai faɗin misalin kilomita 600, a wajen kilomita 105 bisa ƙasa, yana kwarara gabas da rana, ya kai gaɓarsa wajen tsakar rana, ya janye da yamma. Manomin da ke noma a fadamar Gulbin Sakkwato a Bunguɗu, da mai awo a kasuwar Tsafe, suna ƙarƙashin gefen wannan kogi kullum, ba su ji ba, ba su gani ba, kuma ba ya cutar da su.

An fara lura da alamarsa a tashar awo ta Huancayo, ƙasar Peru, wadda ta soma aiki a 1922, kuma Sydney Chapman ya sa masa suna a 1951. 'Yan ƙasar nan suna da hannu babba a bincikensa. Tun shekarun 1950 ake auna rufin daga Jami'ar Ibadan, kuma marigayi Farfesa Cyril Onwumechili ya shafe shekaru masu yawa a kan wannan kogi, har ya wallafa littafi sukutum a kansa a 1997. Wani abin al'ajabi kuma, lokacin da dutse mai aman wuta ya fashe a tsibiran Tonga ranar 15 ga Janairu 2022, iskar da fashewar ta tunkuɗa ta haura har hawan E, taurarin ɗan'adam suka auna kogin ya yi ƙarfi fiye da ƙima, sa'an nan ya juya yamma na ɗan lokaci.

Bayan faɗuwar rana kuma, a ƙasashen da ke kusa da wannan layi, ƙasan hawan F yakan yamutse, ya yi ramuka masu hawa sama kamar kumfa. Wannan ya fi aukuwa tsakanin Magariba da tsakar dare, musamman a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba. Saƙon tauraron ɗan'adam da ya ratsa ramukan yakan yi rawa, har na'urar GPS mai nuna wuri ta yi kuskure ko ta ɗauke na ɗan lokaci. Masu awon filaye da matuƙan jiragen sama suna bukatar sanin wannan.

IN RANA TA TUMBATSA

Rana tana da lokacin lafawa da lokacin tumbatsa, suna zagayowa misalin kowace shekara 11. In ta yi wata irin walƙiya mai ƙarfi, haskenta yakan iso cikin minti 8, hawan D ya yi kauri farat ɗaya, gajeren zango ya ɗauke a ɓangaren duniya da ke cikin rana, daga 'yan mintoci zuwa awa ɗaya ko fiye. In kuma ta watso tarin masu lantarki, sukan iso bayan kwana ɗaya zuwa uku, su tunzura wutar da ke gudana a rufin kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. A nan sai al'amari ya juye: ayon ne ke gudu, su riƙa bugun 'yan ba-ruwanmu, iskar ta yi zafi ta kumbura sama.

Misalan wannan sanannu ne. A Satumba 1859 wayoyin tangaraho sun rikice a Turai da Amurka. Ranar 13 ga Maris 1989 wutar lantarki ta ɗauke a lardin Quebec na Kanada har awa 9. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurari 49, iskar da ta kumbura ta ja 38 daga cikinsu suka faɗo suka ƙone. Ranakun 10 da 11 ga Mayu 2024 kuma an yi guguwa mafi ƙarfi tun 2003, har aka ga jan haske a sararin ƙasashen da ba su saba ganinsa ba.

ABIN DA YA WAJABA A ƘUDURTA

Na farko, malaman tauhidi sun kasa hukunci uku: na hankali, da na shari'a, da na al'ada. Imamu Sanusi, malamin Tilimsan wanda ya rasu a 895 bayan Hijira, kuma ake karanta Ummul Barahin nasa a zaurukan ƙasar Hausa, ya bayyana hukuncin al'ada da cewa shi ne alaƙar da ake ganewa tsakanin abu biyu ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi. Alaƙar hasken rana da rufin nan tana cikin wannan babi. Allah ne Ya halicci sababi, Ya halicci abin da ke biyo bayansa, kuma Shi ke riƙe da su duka. Wanda ya musanta sababi bayan an auna an gani ya yi wa hankalinsa zalunci. Wanda kuma ya tsaya a kan sababi ya manta da Mai sababi, hasararsa ta fi girma.

Na biyu, a rarrabe tsakanin hasashen masana da duba. Imamu Maliku a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslimu, sun ruwaito daga Zaidu ɗan Halidu cewa bayan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, Annabi ya tsoratar a kan jingina saukar ruwa ga tauraro. Abin da aka hana shi ne ƙudurta cewa tauraro yana da iko, ko yana nuna arziki da tsiyar mutane. Amma masanin da ya ga rana ta watso wani abu, ya auna gudunsa, ya ce zai iso jibi, daidai yake da manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanya.

Na uku, maganar tafsiri. Aya ta 11 ta Suratuɗ Ɗariƙi ta siffanta sama da komowa ko maidowa. Imamu Ɗabari, wanda ya rasu a 310 bayan Hijira, ya kawo daga Ibnu Abbas da Mujahidu da Ƙatada cewa ruwan sama ake nufi, domin yana komowa lokaci bayan lokaci. Haka Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatai cikin azumi, ya fassara. Aya ta 12 da ke biye, mai maganar tsagewar ƙasa, tana ƙarfafa wannan ma'ana, domin tsiro ne ke tsaga ƙasa bayan ruwa. Aya ta 32 ta Suratul Anbiya'i kuma ta siffanta sama da rufi abin kiyayewa, malamai suka ce an kiyaye ta daga faɗowa da kuma daga shaiɗanu. Gaskiya ne masana lugga sun ce Balarabe yakan kira duk abin da ke bisa kansa sama, don haka ba laifi mutum ya tuna da waɗannan ayoyi in ya ji labarin rufin da ke maido da rediyo, ya yi tasbihi. Laifi shi ne ya yanke cewa wannan ita ce manufar Allah, ya ture fassarar magabata. Ilmin gwaji yana gyara kansa daga zamani zuwa zamani. Wanda ya ɗaure aya a jikin wani bayani na masana, in bayanin ya sauya, ya jefa raunanan mutane cikin shakka a kan abin da babu shakka a cikinsa.

Na huɗu, labaran tsoratarwa. Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a wayoyin hannu, mai cewa a kashe waya da tsakar dare a nisantar da ita daga jiki, wai wani haske mai kisa zai ratsa duniya, har a jingina shi ga BBC ko hukumar NASA. Wannan ƙarya ce. Guguwar rana takan taɓa rediyo da taurarin ɗan'adam da manyan layukan wuta, amma ba ta bin waya ta shiga jikin mutum. Suratul Hujurati, aya ta 6, ta umurci muminai da bincike kafin karɓar labari. Mai tura irin wannan saƙo ga 'yan'uwansa ba tare da bincike ba yana da rabo a cikin alhakin firgitar da su.

Na biyar, alƙibla. Wutar da ke gudana a sama takan motsa allurar kamfas kullum, abin da wani maƙerin agogo a Landan, George Graham, ya lura da shi tun 1722. Amma motsin bai kai digiri ɗaya ba a ranakun da aka saba. Alƙiblar Gusau tana wajen digiri 69 daga arewa, watau gabas da ɗan karkata zuwa arewa, kuma wanda ke nesa da Makka fuskantar jiha aka ɗora masa. Saboda haka kada waswasi ya kama kowa. Abin da ya fi karkatar da allura shi ne ƙarfen da ke kusa da ita, kamar rodi, ko mota, ko lasifika. Mai auna alƙiblar masallaci sai ya nisanci waɗannan, ya kuma gwada awonsa da inuwar rana.

Daga ƙarshe, akwai kira ga iyaye da malaman makarantun Islamiyya. Zamfara tana da Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, kuma tana zaune a ƙarƙashin wani yanki na sama wanda masanan duniya ke ɗokin aunawa. Malamai sun sanya ilmin da al'umma ke bukata, kamar likitanci da lissafi, cikin farillan da in wasu suka ɗauka sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kuwa kowa ya yi laifi. Yaron da ya tambayi dalilin da ya sa rediyo ya fi fita da dare, kada a ce masa iskoki ne, kada kuma a kore shi. A ba shi amsar gaskiya gwargwadon fahimtarsa, a haɗa masa da sanin Wanda Ya tsara abin. Ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu hankali da siffa biyu a haɗe: ambaton Allah a kowane hali, da tunani cikin halittar sammai da ƙasa.

Allah Ya ƙara wa Musulmi ilmi mai amfani, Ya tsare su daga faɗin abin da ba su sani ba, Ya zaunar da Zamfara da ƙasa baki ɗaya lafiya. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.